Wace adafta zan saya don kama rediyon tauraron ɗan'adam a motata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston ta jihar Texas, aiki yana kai ni El Paso sau biyu a wata. Da na wuce San Antonio sai tashoshin FM su fara ɗaukewa, wani wurin ma ko sabis ɗin waya babu. Motata Toyota Camry ce ta 2011, kuma rediyon da ta zo da shi ne a ciki. Akwai maɓallin da aka rubuta wa SAT, amma in na danna ba ya kawo komai. Na duba intanet na ga adaftoci kala-kala har kaina ya ɗaure. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da hanya, ɗan'uwa, don tafiyar kusan kilomita 1,200 ba wasa ba ce.

Maɓallin nan bai lalace ba. Rediyon ya san yadda zai nuna tashoshin tauraro, amma akwatin da ke kamo siginar ne ba a sa maka ba. Masu ƙera motoci na wancan lokacin sun saba haka: rediyo mai maɓallin SAT suke sa wa motoci da yawa, akwatin kuwa sai wanda ya ƙara kuɗi. Don haka kafin ka fitar da ko dala ɗaya, rediyon da ke gaban motarka za ka fara dubawa, domin shi zai faɗa maka irin adaftar da za ta shiga.

Kamfani ɗaya ne ke wannan harka a Amurka da Kanada, wato SiriusXM. A da kamfanoni biyu ne. XM ya fara watsa shirye-shirye a 2001, Sirius a 2002, suka haɗe a 2008. Wannan tarihin yana da amfani a wurin saye, don har yau ana sayar da tsofaffin kaya a kasuwar gwanjo ta intanet masu rubutun "XM Ready" ko "Sirius Ready". Bakin wayarsu daban yake da na yanzu. Ƙaramin akwatin nan SXV300 da ka fi cin karo da shi, rediyoyin da aka rubuta wa "SiriusXM-Ready" kaɗai yake shiga kai tsaye, irin na Pioneer, Kenwood, Alpine, Sony da JVC da mutum ke saye ya canza na asali. A bayan rediyon Camry ɗinka babu ramin da zai karɓe shi. Mutane da yawa sai sun kwance gaban mota suke gane haka.

Ga rediyo irin naka, abin da ya fi tsafta shi ne adaftar da aka yi wa motar musamman. Kamfanoni kamar VAIS Technology suna yin su. Ana soke ta a bayan rediyo, a ɓoye akwatin a ciki, sai maɓallin SAT ya farfaɗo, sunan tasha ya fito a fuskar rediyon, maɓallan sitiyari ma su yi aiki. Babu waya tana reto. Sai dai ta fi tsada, kuma dole a ciro rediyon. Kada ka yi oda da shekarar mota kawai, don Camry ta shekara ɗaya tana iya zuwa da rediyo fiye da iri ɗaya. Ɗauki hoton fuskar rediyon ka tura wa mai sayarwa, ya tabbatar maka a rubuce cewa za ta shiga.

In kana son mai sauƙi, akwai ƙananan rediyoyi masu allonsu, irin Onyx EZR da Onyx Plus, waɗanda ake maƙalawa a gaban mota a ba su wuta daga wurin kunna sigari. Abin lura a nan shi ne hanyar da sauti zai bi ya kai lasifika. Motarka tana da ramin AUX, wato inda ake jona wayar sauti, to da shi za ka yi amfani. Ana iya sa na'urar ta riƙa jefa sautin ta iska zuwa wata lambar FM da babu kowa a kanta, amma ni ban taɓa ba matafiyi wannan shawarar ba. Lambar da ta zama fanko a Houston, kana shiga San Antonio sai ka tarar wata tasha ta zauna a kai, ka koma kana lalubar maɓalli kana gudu a babbar hanya. Tun 2006 ma da hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta gano wasu daga cikin na'urorin suna wuce ƙa'ida, aka rage musu ƙarfi. Wanda motarsa ba ta da AUX, gara ya sayi FM Direct Adapter, wadda ake sawa tsakanin eriyar mota da rediyo, tana toshe tashoshin waje duk lokacin da aka kunna ta.

Da AUX wani lokaci za ka ji wani siririn fito yana tashi da sauka tare da totur. Wutar injin ce ke shiga layin sauti. Akwai ƴar na'ura mai arha da ake sawa a tsakiyar wayar, tana kashe shi. Kowane mai wayarin mota ya san ta.

Yanzu maganar eriya, wadda a gani na ta fi zaɓen akwatin muhimmanci. Siginar tana saukowa ne daga sararin samaniya a kan mita wajen megahaz 2,300, kuma ba ta ratsa ƙarfe ko kankare. Eriyar ƴar ƙarama ce, ba ta kai tafin hannu ba, da maganaɗisu a ƙasanta. Wurinta saman rufin mota, daga waje, da ɗan filin ƙarfe kewaye da ita. Na sha ganin wanda ya ajiye ta a kan dashbod don ƙyuyar jan waya, sannan ya dawo yana cewa na'urar jabu ce, wai da ya juya kan mota sai sauti ya yanke. Rufin motarsa ne ya tare masa sama. A Camry, ɗora ta daf da saman gilashin baya, ka cusa wayar ƙarƙashin robar gilashin da wani abu marar kaifi, ta shiga but, ta bi gefen kujeru zuwa gaba. Kada murfin but ya riƙa datse ta, siririya ce, cizo kaɗan ke kashe ta. Ƙarƙashin gada ko cikin garejin bene zai iya yankewa na ɗan lokaci. A manyan birane kamfanin ya kafa na'urorin ƙara sigina a ƙasa don rage hakan, amma a filin yammacin Texas babu abin da zai tare ka.

In an gama haɗawa, je tasha ta 1. In ka ji magana, eriya ta kama. Tasha ta 0 za ta nuna maka lambar na'urar, da ita za ka yi rajista. Kuɗin wata-wata ne, kuma farashin tayin farko yana ƙarewa ya koma cikakke da kansa, don haka rubuta ranar a wayarka. Akwai BBC a ciki, amma ta Turanci ce, akwai kuma SiriusXM FC ta ƙwallon ƙafa. Manhajarsu ta waya tana aiki, sai dai da data take tafiya, ga shi ka ce hanyarka sabis yana ɗaukewa.

Da ni ne, in zan riƙe motar shekara biyu ko fiye, adaftar musamman zan sa. In kuwa akwai niyyar canza mota ko tura ta gida, Onyx da wayar AUX sun wadatar, ka zare abinka ka mayar wata motar. Kada ka bar ta a ciki da sunan tsaraba: taurarin SiriusXM Arewacin Amurka suke haskawa, shi ya sa maɓallin SAT na motocin Amurka da ke yawo a Kano da Kaduna yake zaune shiru. WorldSpace da ya taɓa yi wa Afirka irin wannan aiki da tauraronsa AfriStar, wanda aka harba a 1998, ya durƙushe tun 2008.