Amsa ga mai tambayar zagaya Turai a jirgin ƙasa shi da abokinsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayar ka, ka ce kana karatu a Hangari kuma kai da abokinka kuna son zaga ƙasashe 10 cikin sati biyu a hutun nan, kana tambaya ko Interrail, wato fas guda na hawa jiragen ƙasa a ƙasashen Turai, ya fi ko sayen tikiti ɗai-ɗai. Ni na yi irin wannan tafiyar daga Jamus da wani abokina da muka taso tare a Zariya, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Maganar tikiti ba ta da wuya. Tunda kana da katin zama a Turai, Interrail ne naka, Eurail na wanda ya zo daga waje ne, in ma abokin naka daga Najeriya zai taso to shi Eurail zai saya, jirgi ɗaya za ku shiga. In ba ka wuce shekara 27 ba akwai ragi. Mu na kwana 7 cikin wata guda muka saya, ranar da ka hau jirgi kawai ake ƙirgawa, kuma jirgin dare ranar tashi kaɗai yake ci. Amma a ƙasar da kake zaune fita ɗaya da dawowa ɗaya kawai ya ba ka. Sannan jirage masu gudu na Faransa da Italiya da Sifen sai ka biya kuɗin kama kujera daban, ko da fas ɗin na hannunka, a Jamus da Ostiriya yawanci shiga kawai za ka yi. Landan kuwa cire ta, Ingila ba ta cikin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake zagawa da biza ɗaya, biza daban take so.

To ƙasashe 10 ɗin nan su ne damuwata wallahi. Mu ma haka muka tsara da farko, Balin, Prag, Biyana, Budapes, kowane gari kwana ɗaya, a kwana na biyar mun daina yi wa juna magana. Shi yana son da asuba mu fita mu ga komai, ni ƙafata ta kumbura ga jaka a baya ga yunwa, abin da bai kai ya kawo ba sai ya zama rigima, har kan kuɗin banɗakin tasha mun yi cacar baki, abokin da ban taɓa sa-in-sa da shi ba tun firamare. A Biyana muka zauna muka soke garuruwa uku, muka ce duk inda muka sauka kwana biyu ko uku, kuma rabin yini kowa ya kama gabansa a haɗu da la'asar. Kuɗin ci da na makwanci muka haɗa a hannun mutum ɗaya, sauran kowa da aljihunsa. Daga nan tafiyar ta yi daɗi.

Kuma abin da har yau nake tunawa ba gari ba ne ma. Daga Milan muka hau ƙaramin jirgi zuwa Tirano, daga can muka kama layin Bernina zuwa Kur a Suwizalan, jirgin yana hawa dutse a hankali har sama da mita 2,200, ƙanƙara a kan duwatsu a tsakiyar watan Yuli, tafki a gefe ruwansa fari-fari kamar an dama koko, abokina sai tasbihi yake. Ba sai ka hau na 'yan yawon buɗe ido mai kuɗin kujera ba, jirgin gama-gari hanya ɗaya suke bi kuma fas ya wadatar. Da mun bi tsarin farko da ba mu samu ranar yin wannan ba. Sai dai Suwizalan tsada ba magana, ku sayi burodi da ruwa tun daga Italiya.

Fasfo da katin zama su kasance a jikinka kullum, kar ka ce ai babu boda, mu sau biyu 'yan sanda suka shigo jirgi suka nemi takardunmu. In za ku kama hostel, wato masaukin matafiya mai araha, ku duba da kyau, ɗakuna da yawa maza da mata a haɗe ne. Abincin halal bai ba mu wahala ba, kusan kowace babbar tasha akwai Baturke mai döner, gasasshen nama irin shawarma, a kusa, amma ranar Lahadi a Jamus da Ostiriya kantuna a rufe suke sai na cikin tasha. Salla mun yi ta ƙasaru da jam'i, don a Balin magariba kan wuce ƙarfe 9 na dare a lokacin. Prag kuma ba Yuro suke ci ba, koruna ne, kamar yadda ka saba da forint a Hangari.

In ni ne kai daga Budapes zan yi Biyana, in hau jirgin dare zuwa Benis, sai Milan, Bernina, Zurik, in dawo gida. Ka turo min ranakun hutun naku in duba muku jiragen da ba sa buƙatar kama kujera. Allah ya kai ku lafiya.