Me ya sa ake haɗa bincike biyu wajen neman mai?

Ɗan'uwa, ka ce me ya hana masu neman mai su tsaya kan bincike ɗaya. Dubi Tekun Meksiko, inda man yake kwance ƙarƙashin dutsen gishiri. Da amon sauti ake ɗaukar hoton ƙarƙashin ƙasa, shi kuwa sauti na ratsa gishirin da gudun kusan mita 4,500 a daƙiƙa, ya fi na laka da yashi nesa ba kusa ba, sai hoton ya karkace kamar cokali cikin kofin ruwa. Igiyoyin sauraren amo da jirgi ke ja suna nuna saman gishirin sarai, amma daga gefe guda suke saurare. Na'urorin da ake dasawa a ƙasan teku, irin waɗanda kamfanin mai na BP ya dasa a filin mai na Atlantis, suna jin amo daga nesa ta kowace fuska. In an haɗa su, aka daidaita zurfi da ma'aunin tsohuwar rijiyar mai, sai gefen gishirin ya fito. Kuɗi dai suke ci, ba kaɗan ba.