Amsa: Me ya sa Ghana ta yi fama da duhu alhali ga bututun gas daga Najeriya?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda aka yi Ghana ta sha "dumsor", wato yawan ɗauke wutar lantarki, alhali gas na zuwa mata daga Najeriya. Ai bututun nan na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, ta ƙarƙashin teku ya bi daga Legas, ya ratsa gaɓar Benin da Togo, ya tsaya a birnin Takoradi na Ghana. A watan Agustan 2012 anga (ƙarfen da ake tsayar da jirgi da shi) ta wani jirgin ruwa ta fasa shi a kusa da Lome, babban birnin Togo. Gas ya tsaya cak kusan shekara guda. Tashar wutar lantarki ta Sunon Asogli da ke Tema, kusa da Accra, wadda da gas kaɗai take aiki a lokacin, ta daina ba da wuta, wasu tashoshin suka koma ƙona ɗanyen mai da tsada. Masu walda da masu sayar da ruwan sanyi ne suka ji a jikinsu.

Ga bashi kuma: a 2015 masu kawo gas ɗin sun yi barazanar rufe famfo saboda ba a biya su ba.

Ni a ganina laifin na dogaro da hanya ɗaya ne. Ghana ta samu sauƙi bayan ta fara tace nata gas ɗin a garin Atuabo da ke yammacin ƙasar, har daga 2019 ake tura shi Tema ta cikin wannan bututun.