Tambaya da Amsa: Wane irin ɗakin taro ya dace da sabon garinmu?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Mu dai ambaliyar 2022 ce ta tashe mu daga bakin kogin Haɗeja muka hau tudu, yanzu gari ya fara zama har mun yi karo-karo za mu gina ɗakin taro. Matasa sun ce sai bulo da kwano irin na Dutse, dattijai kuma sun ce na ƙasa, to wanne za mu bi? Daga wani mai karatu a yankin Auyo, Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Ni gaskiya ina bayan dattijai, amma ba duka ba. Ka shiga ɗakin kwano mara silin a watan Afrilu da azahar, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wallahi ko hakimi ne ya kira taron mutane gindin darbejiya za su koma, alhali soron ƙasa mai kaurin bango sanyinsa yake riƙewa har la'asar, shi ya sa har yau in ka shiga Gidan Makama a Kano za ka ji daban.

Sai dai ku ruwa ya taɓa cinku, don haka tushe kam dutse da siminti, a ɗaga shi ya kai gwiwa, sannan tubali ya hau kai. In kuna da maginin da ya iya ɗaurin guga da azara, wato rufin soro mai lanƙwasa kamar baka, ku riƙe shi, azarar giginya gara ba ta cika cinta ba. In babu, a sa kwano amma da silin, a tsawaita bakinsa ya kare bango. Tagogi su kalli kudu da arewa, bangon gabas kuwa a yaɓe shi da kyau don ta can hadari yake bugowa.

Abin da ya fi damuna shi ne mata, kullum mantawa ake da su. Ku yi musu ƙofarsu da banɗakinsu da rumfa, domin a nan za a yi rigakafin yara da karatun manya, in sai sun ratsa zauren maza ba za su zo ba. Sola da tankin ruwa ku bari sai kaka in an sayar da amfani, darbejiya kam ku dasa tun daminar bana.