Daga Kano Zuwa Jidda: Nisa Ne Ko Tazara?

Wani mai karatu da ke shirin tafiya Umara ya aiko da tambaya cewa, idan ana maganar tafiyar jirgin sama daga Kano zuwa Jidda, wanne ya fi dacewa a ce, nisa ko tazara, kuma me ya sa ake cewa jirgi ya "yada zango" alhali ba ayarin fatake ba ne?

Malam, duka biyun Hausa ce, amma ba wuri ɗaya suka fi zama daram ba. Tazara ita ce sararin da ke tsakanin abubuwa biyu da aka jera, shi ya sa muke cewa tazarar haihuwa, ko a ce wane ya ba wane tazara a ƙuri'a. Nisa kuwa yana ɗauke da wahalar kai wa ga wurin, don haka a ganina shi ya fi dacewa da matafiyi. Mai auna taswira yana iya cewa tazarar da ke tsakanin Kano a nahiyar Afirka da Jidda a nahiyar Asiya ta kai kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe sak, wato mil 2,100 da ɗoriya. A kula kuma kada a haɗa nisa da nesa, domin nisa suna ne, nesa kuwa bayanau ne: garin yana da nisa, amma daga nesa muka hango shi.

Sai dai Bahaushe bai saba auna hanya da kilomita ba. Tambayi alhajin da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano nisan Jidda, zai ce maka awa huɗu zuwa biyar ne, kamar yadda kakansa zai ce gari kaza tafiyar kwana uku ce. Da lokaci muke awo tun asali.

A nan ne zango ya shigo. Zango shi ne masaukin da ayari ke sauke kaya ya kwana, kuma daga nan aka sami unguwannin Zango a Kumasi da Ankara na ƙasar Gana. Alhazan da suka tafi a ƙasa sun bi ta Borno da Chadi da Sudan har Sawakin kafin su ƙetare Bahar Maliya, wasu suna shekaru a hanya suna noma da ƙwadago don neman guzuri, wasu ma suka zauna a Sudan ɗungurungum. Irin tafiyarsu ce ke fassara karin maganar nan, "sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba." Da jirgin sama ya zo, wanda ya fara sauka Kano a 1925, harshen bai ƙirƙiro sabuwar kalma ba, sai ya ɗora masa ta fatake. Saboda haka daidai ne a ce jirgi ya yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa, muddin zai ci gaba da tafiya. Idan Jidda ce ƙarshen tafiyar, sai a ce ya sauka kawai.

Ita kanta kalmar jirgi aro ce daga ruwa, domin abin da ake tuƙawa a kogi ne ya fara amsa sunan, kafin na ƙasa ya iso Kano a 1911.