Laftof na sandarewa da zarar an rufe VLC

Malam, ka ce da zarar ka rufe VLC, manhajar kallon bidiyo, sai laftof ɗinka ta sandare, ko linzami ba ya motsi. Tawa ma ta taɓa yi, kuma draibar girafik, wato manhajar da ke sarrafa hoton allo, ce ta jawo.

In ta sandare, danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B lokaci guda. Allon zai yi ƙyaftawa, draibar ta farfaɗo. Daga nan ka buɗe VLC, ka shiga Tools, Preferences, Input/Codecs, ka mayar da Hardware-accelerated decoding zuwa Disable. Sannan ka sabunta draibar daga shafin kamfanin laftof ɗin.

Don Allah ka daina kashe ta da maɓallin wuta kullum, fayiloli na lalacewa. In ƙasanta na zafi, fanka na gurnani, kai ta wurin mai gyara ya fitar da ƙurar da ta toshe ta.