Tambayoyin Masu Karatu: Me Ake Zubawa A Jaka Idan Za A Hau Dutse?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa sun zo mana Umara daga Kano, sun matsa sai na raka su Kogon Hira. Mu biyar ne, har da innata da ta haura shekara sittin. Me za mu ɗauka, kuma wane lokaci ya fi? Daga wata mai karatu a Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Lokaci shi ne farkon shiri. Ku fara hawa bayan sallar Asuba, ko kuma bayan La'asar sakaliya. Tsayin Jabalun Nur, dutsen da kogon yake, ya kai kimanin mita 640, matattakala ce mai tsauri, inuwa kuma kaɗan ce. Mai ƙarfi kan kai kogon cikin awa ɗaya, mai hutawa a hanya ya kusa awa biyu. Da bazara zafin Makka yana wuce digiri 45, kuma kin san abin da ya faru a Hajjin 2024, lokacin da alhazai sama da 1,300 suka rasu, galibi saboda zafi. Daga hantsi zuwa La'asar ba lokacin hawa ba ne ko ga saurayi.

Sai ruwa, wanda a nan ne mutane suka fi yi wa kansu rowa. Mai hawa cikin zafi yana iya zubar da zufa lita ɗaya a awa, don haka kowane mutum ya ɗauki aƙalla lita 2, a ƙananan gorori huɗu na rabin lita. Ƙananan sun fi sauƙin rarrabawa, kuma idan ɗaya ta faɗi ba a rasa duka ba. A riƙa kurɓa kowane minti 15 zuwa 20, kada a jira ƙishirwa. Gora ɗaya daga ciki ta zama ta ruwan gishiri da sukari: ko ƙunshin da ake sayarwa a kantin magani, ko a haɗa a gida, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, wato cikin gora biyu. Zufa tana fita da gishirin jiki, kuma ruwa zalla ba ya mayar da shi.

Takalmi kambas mai ƙasan roba mai zane, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, tare da safa. Silifa da sabon takalmi duk a bar su a gida. Dubban ƙafafu sun goge matattakalar nan har ta yi santsi, silifa tana zamewa, sabo kuma yana sa bororo tun ba a yi nisa ba. A yanke farce, domin wajen saukowa yatsu suna dukan gaban takalmi. Abaya ko jallabiyar da ke jan ƙasa a ɗage ta sama da idon sawu, a sa wando a ciki.

Komai ya shiga jakar goyo, hannu biyu su zama a sake. Akwai birai a dutsen, kuma sun san leda sarai: da sun gan ta a hannu za su fizge. In hakan ta faru a sakar musu, kada a ja, cizonsu sai da allurar asibiti. Ku sa tocila ta gaske, ta ɗaurawa a goshi ta fi, ku bar cajin waya don kiran gaggawa.

Game da Inna, muna roƙonki ki faɗa mata gaskiya: hawan dutsen nan ba ya cikin ayyukan Umara ko Hajji. Idan tana da ciwon zuciya, hawan jinin da bai daidaita ba ko ciwon gwiwa, ta zauna a cibiyar tarihin Hira da ke gindin dutsen. Idan lafiyarta lau, ta riƙe sanda, ita ce kuma za ta shiga gaba, kowa ya bi takunta.

Tambaya: Ina da ciwon suga, ina allurar insulin. Abokaina za su hau Jabal Saur. Zan iya bin su? Daga wani magidanci a Jidda.

Amsa: Malam, likitanka ne zai ce eh ko a'a, kuma ka tambaye shi musamman yadda za ka yi da allurar ranar, saboda aikin ƙarfi yana sauke suga, wani lokaci har sa'o'i bayan an sauko. Saur ya fi Jabalun Nur tsayi da wahala, zuwa da dawowa yana iya cin rabin yini, don haka ruwanka ya kai lita 3. Ka ɗauki na'urar gwaji, ka gwada kafin hawa, a sama, da bayan saukowa. Dabino da ƙaramin kwalin lemon zaƙi su zauna a aljihun gaba inda hannu zai kai nan take, ba a ƙasan jaka ba. Rawar jiki, zufa mai sanyi da yunwa kwatsam alamun suga ya faɗi ne: ka zauna, ka ci dabino biyu ko uku, ka sake gwadawa bayan minti 15. Insulin yana lalacewa a zafi, a sa shi cikin jakar sanyaya, amma kada ya taɓa ƙanƙara. Abokanka su san alamun nan tun a mota.

Tambaya: Mu ɗalibai ne, za mu je Shafa ta Ɗa'if, daga nan mu wuce Suda kusa da Abha. Kayan Makka sun isa? Daga wani ɗalibi a Madina.

Amsa: Ba su isa ba, ɗan'uwa. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6, Suda kuwa tana kusa da mita 3,000. Ka ƙara rigar sanyi marar nauyi da rigar ruwa, ka kuma sa busasshiyar riga a leda, domin jiƙaƙƙiyar rigar auduga idan iska ta buge ta sai ta zuƙe ɗumin jiki. Hazo yana rufe duwatsun Asir, yankin da Suda take, cikin mintuna, hanya ta ɓace. Ka sauke taswira a waya tun kana da intanet, ka ɗauki fawa bank da usur, ka kuma faɗa wa wani inda za ku bi da lokacin dawowa. Idan hadari ya haɗu ku fita daga cikin kwari, ko da ba a ruwa a inda kuke: ruwan da aka yi a can sama yana gangarowa ambaliya. Nauyin jakar yini kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinka, ruwa a jikin baya, abin da ake yawan buƙata a sama. Kada ka manta da iƙama, wato katin izinin zama a ƙasar.

Tambaya: Wane magani ake ɗauka? Daga wata malamar makaranta a Ɗa'if.

Amsa: Malama, kaɗan ne: filasta, bandeji mai talewa don targaɗe, maganin wanke rauni, farasitamol, man kare fata daga rana, da maganin da kowa yake sha kullum. Idan maciji ya yi sara ko kunama ta yi harbi, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a kira 997, lambar motar asibiti, ko 911 a yankin Makka. Wanda kuma zafi ya sa ya fara ruɗewa ko sambatu, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa ana yi masa fifita, a kira lambar nan take, kada a ɗura masa ruwa a baki idan ba ya cikin hayyacinsa.